Satin Da Na Shirya Yi A Shikago

Ni Rakiya, wadda matan unguwar Ammariyya suke kira Inna Ungozoma, na shafe fiye da rabin rayuwata a garin Jidda ina ɓuya daga askarawa. Umara ce ta kawo mu ni da maigidana, muka ga wuri muka zauna, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Shi ya yi dako a rumbunan unguwar masana'antu ta Jidda har ƙarfinsa ya ƙare, Allah Ya karɓi abinsa, aka binne shi a nan. Ni kuwa hannuna ne ya ciyar da ni. Matar da ba ta da iƙama, wato takardar zama, tsoron asibiti take yi, saboda haka ni ake kira. In karɓi haihuwa, in yanke cibiya, in yi wa mai jego wanka safe da yamma har ta miƙe. Wasu daga cikin 'ya'yan da suka faɗo a hannuna yanzu mota suke tuƙawa, in sun gan ni a titi su tsaya su ce, "Khala," wato Inna da Larabci, "shigo in kai ki."

'Yata ɗaya ce a duniya. Ita ce 'yar fari, don haka sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na taso na ga iyayenmu suna yi wa ɗan fari kunya, ni ma na ɗora. A Jidda na haife ta. Da ta isa shiga makaranta muka ga yaron da ba shi da takarda ba shi da aji a garin nan, sai aka yi cuku-cuku aka tura ta Kano wurin yayata. Mutanen gidan suka laƙaba mata Ta-Jidda, ni ma na samu abin kiranta. Yayata ce ta raine ta, ta kai ta har jami'a, ta aurar da ita ga wani yaro mai hankali da ya tafi karatu Amurka, yake tuƙin mota a gefe. Duk a waya na gani. Bikin ma a waya na kalla, ina zaune a kan tabarmata ina guɗa ni kaɗai. Bayan ta tare a Shikago ba da jimawa ba yayata ta rasu.

Kullum bayan la'asar take kirana, lokacin su gari ya waye. Ran nan muka gaisa, ta ce, "Umma, wata shida ke nan."

Na gane, don tun kwanaki na ga hancinta ya buɗe. Na ce, "Allah Ya raba lafiya."

Ta ce, "Da Inna yayarki tana da rai, da gida zan so in je wanka. Yanzu ko ina so ba dama. Takarduna suna hannun hukuma, in na fita ba zan iya dawowa ba." Ta ƙara da cewa, "Umma, ki zo. Ko sati ɗaya ne, daga haihuwa zuwa suna. Ba na so in haihu ba kowa a kaina."

Yarinyar nan tunda take ba ta taɓa roƙona komai ba, ko ɗankwali. Ban tsaya tunani ba na ce, "Zan zo." Sai da na ajiye wayar na tuna fasfona ya mutu tun ita tana rarrafe.

Amma mun shirya satin nan, wallahi mun shirya shi. Ita da nata tsarin, ni da nawa. Ta ce za ta kai ni bakin tafkinsu. "Ba teku ba ne, Umma, tafki ne, amma ba a hango ƙarshensa, kuma ruwan ba gishiri." Na ce ni da nake maƙwabtaka da Bahar Maliya shekara da shekaru, sau nawa na je kallonta? Ta ce akwai jirgin ƙasa da yake gudu a saman kawunan mutane, a tsakanin benaye. Akwai wani dogon gini da ake tsayawa a kan gilashi a leƙa gari a ƙarƙashin ƙafa. Akwai titin da Indiyawa da 'yan Pakistan suke sayar da naman halal da yadi, ta ce in na shiga zan zaci Ammariyya ce. Na bar ta ta gama, sannan na ce, "Ke, wa ya gaya miki mai jego tana hawa jirgin ƙasa? Ƙafarki ba za ta taka ƙofar gida ba."

Nawa tsarin tukunya ce. Na sa ta nuna min tukunyar da ta fi girma a gidan, ta ɗago wata 'yar mitsitsiya da ko shayin mutum biyar ba za ta dafa ba. Na ce a gaya wa mijinta ya nemo babba. Ranar haihuwa ruwan zafi da ganye, sai kunun kanwa mai kauri. Washegari gashin cibiya da gasasshen nama da yaji. Kafin suna a samo ƙafar sa a dafa ta lugub. Da na ambaci turaren wuta ta kwashe da dariya, ta ce akwai wata na'ura a rufin ɗakin, in ta ji hayaƙi ihu take yi har 'yan kwana-kwana su zo. Na ce to, za mu ɗaure mata baki da tsumma. Ta ce lokacin sanyi za ta haihu, sanyin da yake daskarar da bakin tafkin. Na je kasuwar gwanjo na sayo wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza, na gwada ta a ɗaki, zufa ta karyo min, na ji daɗi.

Na haɗa ƙunshina a hankali. Kanwa mai kyau da na saya wurin alhazan Nijar, ganyen darbejiya da na tsinko a bakin titi na shanya, gero surfaffe, man kaɗanya, da yaji da na daka da hannuna, ya sha kimba da citta da masoro. Mijinta ya ce wataƙila a ƙwace ganyen a filin jirgi. Na ce zan ce musu shayi ne. Komai ya haɗu, saura hanya.

Wata da na taɓa yi wa wanka ce ta haɗa ni da wani mai bin takardu a ofisoshi, haifaffen Jidda, ana ce masa Abu Nawwaf. Ofishinsa yana unguwar Mahjar, a saman wani shagon faci. Jallabiyarsa fara tas, Hausarsa rabi Larabci.

Ya ce, "Khala, mushkilarki mai sauƙi ce wallahi. Akwai wani gida za su kai tsohuwarsu Shikago neman magani, suna son mai kula da ita. In sa ki ƙarƙashin maigidan, ya zama kafilinki, a yi miki fasfo sabo, a buga biza, halas. Ki yi satinki, ki dawo da iƙama a hannu."

Da wata ce ta zo min da wannan labari, da na ce mata ta shiga hankalinta. Amma wanda yake so ya yarda ba ya wahalar yaudara. Na cire warwarona da 'yan kunnena na zinare, tanadin tsufana, na ajiye masa a kan tebur. Ya tsayar da ni jikin farin ƙyalle ya ɗauke ni hoto, ya ce kar in yi murmushi. Na ce dama ban zo da shi ba.

Daga nan sai "bukra". Bukra, Khala, wato gobe. Gobe maigidan ya yi tafiya, gobe na'ura ta lalace, gobe an kusa. Cikin Ta-Jidda yana girma a waya, ni ina hawa matakalar shagon faci ina sauka. Ranar da na je na tarar da wani ɗan Bangaladash yana jera buhunan abincin tattabaru a ofishin, ban ma yi masa tambaya ba. Na zauna a kan matakala. Ba zinaren ne ya fi ƙona min rai ba, watannin da ya cinye min ne. Kuma ina zan kai ƙara? Wadda ba ta da takarda ba ta da bakin cewa an cuce ta.

Na je wurin ƙawata Sa'adiyya, Bahaushiyar Sudan, mai sayar da shayi a wajen unguwar Kandara. Ta saurare ni har na gama, ta zuba min shayi, ta ce, "Hajja Rakiya, hanya ɗaya ta rage miki, kin kuma san ta. Tarhil."

Na san ta. Tarhil shi ne a kama ka, a ɗauki zanen yatsunka, a tsare ka, a sa ka a jirgi zuwa ƙasarku, ƙofa ta rufe a bayanka. Shi ne abin da muke gudu tun ranar da muka zo. Idan na bi ta nan, na bar ɗakina, na bar matan da suke kirana, na bar kabarin maigidana, na bar Harami da nake zuwa duk lokacin da zuciyata ta yi nauyi. Mijin Ta-Jidda, yaro ne mai kunya, amma ran nan ya daure ya gaya min gaskiya. Ya ce, "Umma, ko kin isa gida, sai an yi fasfo, sai an samu ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka, kuma ba lallai su bayar ba. Lokacin ya ƙure." Na ce masa a Jidda ƙofar a toshe take, a can kuwa akwai wadda zan iya ƙwanƙwasawa. Na raba kayan ɗakina, na mayar wa mai gida mabuɗinsa, na ɗauki jaka ɗaya da ƙunshina da rigar sanyi.

Akwai wata gada kusa da inda Sa'adiyya take sana'a, masu son a mayar da su gida a ƙarƙashinta suke zama su jira motocin tarhil. Kowace ƙasa da kusurwarta. 'Yan Indunusiya can, Habashawa can, mu baƙaƙen Afirka ta Yamma a kusa da wani ginshiƙi mai warin fitsari. Kwali ne katifa, kwali ne bango. Motoci suna rugugi a saman kanmu dare da rana. Ba wanda ya san ranar da za a zo ɗiba. Wata rana a kwashi maza kawai, wata rana a ce 'yan ƙasa kaza ne jirginsu ya samu. Kowa da jakarsa a ɗaure, ko bayan gida za ka je sai ka bar wa wani sallahu ya ƙwala maka kira. Rigar sanyin da na saya don Shikago a nan ta fara aiki, da ita nake matashin kai.

Abin dariya abin kuka. Ni da nake jin ƙanshin askar tun yana lungu na uku, ni da na taɓa kwana a cikin tankin ruwa don kar a kama ni, sai ga ni ina ɗaga wa motar sintiri hannu. Wata rana ɗaya ta tsaya a bakin titi, na ruga na riƙe ƙofar. Na ce da Larabci, "Ɗana, ba ni da iƙama. Ko ɗaya. Kama ni." Yaro ne ƙarami, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ya dube ni ya ce, "Ya hajja, wannan ba aikina ba ne. Koma inuwa, rana za ta illata ki." Ya miƙo min gorar ruwa mai sanyi, suka wuce. Na tsaya da gora a hannu, ban san ko in gode masa ko in tsine wa ranar ba.

Akwai wani tsoho ɗan Yaman mai gasa gurasa a tsallaken titi. Kullum da hantsi yakan tsallako da gurasa mai zafi da wake ya raba wa mata. Ni yakan ƙara min rabi, wai na yi kama da yayarsa. Ban san yadda baƙar mace kamata ta yi kama da yayar ɗan Yaman ba, amma ina karɓa.

Kullum bayan la'asar waya ta yi ƙara. "Umma, sun zo?" In ce, "Ba su zo ba, amma ana cewa gobe." Ashe ni ma na koyi bukra.

A cikinmu akwai wata yarinya 'yar Damagaram, Mariyama. An kama mijinta a wurin aiki an mayar da shi, ita ta zo ta bi shi. Kallo ɗaya na yi wa cikinta na kau da kai, don na ga ya sauka. Na ja kwalina na koma can nesa da ita. Ban gaya wa kowa sana'ata ba. Na ce a raina, Rakiya, kin yi wa 'ya'yan mutane ya isa, wannan karon taki ce. Amma Jidda ba ta da faɗi ga irinmu. Wata mata ta shaida ni, ta kuma kai labari.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, na ji an dafa ƙafata. Mariyama ce a durƙushe, leɓenta ya bushe, zaninta a jiƙe.

Ta ce, "Inna, don Allah. Tun asuba marata take."

Na ce, "A kai ki asibiti."

Ta ce, "Ba ni da takarda, Inna, tsoron lokotoro nike. An ce ke kin iya. Ba ni da kowa nan."

Na dubi titi, na dubi yarinya. Na ce mata ni tafiya ce a gabana, 'yata tana jirana. Ta ce to, ta juya za ta rarrafa ta koma. Naƙuda ta sake murɗa ta, ta kifa goshi a kan kwalta, ba ta yi ƙara ba. Wannan shirun ne ya karya ni. Na ce da matar da take kusa, "In kin ga mota ki aiko ɗakin Sa'adiyya mai shayi." Muka kama ta ni da wata, muka bi lungu da ita.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Ɗan ya zo da cibiya naɗe a wuya, ya fito shiru, jikinsa ya yi toka-toka. Na warware, na share masa baki, na murza bayansa, na hura masa iska, ina kiran sunan Allah. Sai can ya tsanyara kuka. Sa'adiyya ta saki guɗa. Kafin mahaifa ta faɗo, in gyara uwar, in tabbata jini ya tsaya, azahar ta wuce. Na wanke hannu na ɗauki jakata na fita da sauri.

Tun daga nesa na ga wurin ya yi fili. Kusurwarmu ba kowa, sai kwalaye da takalmi wari ɗaya. Tsohon ɗan Yaman ya tsallako yana goge hannu a jikin riga. Ya ce, "Sun zo da manyan motoci, sun kwashe matan Afirka duka. Na neme ki, ya hajja. Wallahi na neme ki." Matar da na bar wa sallahu ita ce ta fara shiga.

Na zauna a ƙasa na yi kuka da murya, irin wanda ban yi ba ko ranar da maigidana ya rasu. Ina cikin haka waya ta yi ƙara.

"Umma, sun zo?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce, "Sun zo. Ba na nan."

"Kina ina?"

Na gaya mata. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa, "Umma, kowa a Jidda kin yi wa wanka. Ni kaɗai ce ban samu ba." Ta kashe wayar.

Washegari ba ta kira ba. Na kira ba ta ɗauka ba. Na koma ƙarƙashin gada da jakata, ina zuwa ɗakin Sa'adiyya safe da yamma in yi wa Mariyama wanka a gurguje, da ruwan zafi zalla. Ba zan ɓoye ba, haushinta nake ji. In ta ce "Sannu, Inna," ba na amsawa. Nononta ya ƙi zuwa, jaririn yana ta kuka, Sa'adiyya tana satar kallon ƙunshina. Ta ce, "Hajja, ɗan kunun kanwa da zai taimaka." Na ce, "Kanwar nan da mai ita."

Ba a yi sati ba mijin Ta-Jidda ya kira ni da sassafe. Jininta ya hau, likitoci suka ce ba za a jira ba, aka yi mata aiki. An samu namiji. Ita da shi suna lafiya. Na yi hamdala, na tambaye shi wa yake kanta lokacin da aka shiga da ita. Ya ce, "Ni ne, Umma. Sai wata ma'aikaciyar jinya da ta riƙe mata hannu." Wata baƙuwa da ban san sunanta ba, Allah Ya saka mata. Ya ƙara da cewa likita ya hana wankan ruwan zafi saboda ɗinki.

Na ajiye wayar na daɗe ina kallon ƙunshin nan. Sannan na ɗauke shi na tafi ɗakin Sa'adiyya, na kwance, na jiƙa kanwa, na ce ta ɗora babbar tukunya. Ranar Mariyama ta sha wanka na gaske, da ganyen da na tsinko wa 'yata. Ina fyaɗa mata ruwa ina hawaye, ita tana zaton tururi ne.

Haka satin nan ya wuce, satin da muka tsara. Ta-Jidda ba ta karɓar waya, mijinta ne yake riƙewa. Kunyar suruki ta kau dole. Ni ce nake koya wa namiji yadda ake gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, yadda ake riƙe wuyan jariri, yadda ake miƙe masa ƙafafu bayan wanka. Ya dama kunu ba kanwa, ya nuno min, duk gudaji. Na ce, "Malam, wannan ko katanga za a yi yaɓe da shi?" Na ji wata 'yar dariya daga gefe, gajeriya, aka yi maza aka haɗiye ta. Da wannan dariyar na rayu kwana biyu.

Ranar suna suka raɗa masa sunan maigidana. Wani sunan ke nan da ba ya fita daga bakina. Na ce wa mijin, "Kun haɗa baki ku ƙure ni. To, Angona zan ce masa." Ina zaune a kan kwalina a ƙarƙashin gada, sababbin mutane sun fara cika wurin. Sai hoton ya girgiza, fuskarta ta bayyana. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Ba ta gaishe ni ba. Ta juya wayar ta nuna min wata doguwar kujera a jikin taga, an shimfiɗa mata sabon bargo. Ta ce, "Nan na gyara miki." Ta matsa jikin tagar. Tsakanin benaye biyu na hango shi, tafkin, fari fat a bakin gaɓa, can ciki kuma toka-toka har inda ido ya tsaya. Gaskiyarta, ba a ganin ƙarshensa.

Ta ce, "Umma, ki yafe min maganar da na faɗa."

Na ce, "Ba ki faɗi ƙarya ba."

Ta ce, "Ki koma Ammariyya. Satin ya wuce. Kar ki rasa can, ki rasa nan. Ki nemi ɗaki, matanki suna nan."

Na ce, "Wa zai yaye shi?"

"Na'am?"

"Angona. A wurin kaka ake yaye yaro. Ko a Shikago uwa ce take yaye ɗanta da kanta?"

Ta ce, "Umma, yau kwanansa bakwai. Saura kusan shekara biyu."

Na ce, "To, ashe wannan karon ina da lokaci. Ki bar bargon nan inda yake."

Ta sa kuka, ni ma na sa, har wata Bahabashiya da ba ta jin abin da muke cewa ta matso ta dafa kafaɗata.

Motocin sun dawo wata ranar da hantsi, ina cikin cin gurasar ɗan Yaman. Na aika aka kira Mariyama don kar motar ta sake wuce ta, ta fito da ɗanta a baya, nono ya zo har yana jiƙa mata riga. Sa'adiyya ta rungume ni ta cusa min ƙullin ganyen shayi a jaka. Askar yana cewa yalla, yalla, na taka matakalar motar nan da ƙafata, ba wanda ya tura ni. Aka ce za a karɓe wayoyi in mun isa. A Shikago dare ne, na san tana barci, sai na danna wurin saƙon murya. Na buɗe baki in ce Ta-Jidda, na ga Jiddar tana wucewa ta taga, ba kuma zan sake ganinta ba. Na ce, "Zainabu. Ni ce. Na shiga mota."

Zaman tarhil ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne, ba kuma zan tsaya ba da labarinsa ba. Mun daɗe. Aka ɗauki yatsuna, aka ɗauki hotona, wannan karon ma ban yi murmushi ba. Na sauka a Kano da rigar sanyi a hannu, garin da na bari ina sabuwar amarya, ban gane ko titi ɗaya ba. 'Ya'yan yayata suka karɓe ni, suna kallona kamar baƙuwar da aka daɗe ana ba su labarinta. Fasfo, ranar ganawa, biza, duk suna gabana, kuma kowa sai ya gaya min da wuya. Na ce na ji.

Da aka sa wa wayata caji aka samo min layi, saƙonni suka yi ta shigowa. Na nemi nata na farko, wanda ta aiko a ranar da na shiga mota. Gajere ne. Ana jin kukan Angona a bayanta.

Ta ce, "Umma, ban taɓa ji a bakinki ba. Sake faɗa."

Na shiga ɗaki na turo ƙofa, na danna, na sake faɗa.